Dutsen Kabarin Kiem Lan

Ɗana Wiratmo ya zo gaishe ni da la'asar, a cikin motar da aka manna wa fuskarsa a kowace ƙofa. Hoton ya fi shi fara'a. Ya ajiye min ƙunshin shinkafa a ganyen ayaba da miyar kaza mai kwakwa, irin wadda nake so, ya sumbaci hannuna, ya zauna a kujerar mahaifiyarsa. Tun da ya shiga siyasa bai taɓa kawo min abinci ba sai da magana a bakinsa, don haka ban kwance ƙunshin ba. Na jira.

"Baba, so nake in gyara kabarin Mama."

"Me ya same shi?"

"Gefen ya tsage. Ruwan bana ya ci ƙasar bayan. Dutsen ma ya yi baƙi."

"Yaushe ka je?"

Ya duba wayarsa, kamar amsar tana ciki. "An faɗa min."

Matata Kiem Lan Basiniya ce, Kirista, haifaffiyar nan Lasem kamar uwarta da kakarta. Da ta rasu aka kwantar da ita a kan tudu kusa da mahaifinta, a maƙabartar Sinawa. Ni Musulmi ne, Wiratmo ma haka, kuma ranar da tawa ta zo ƙasan gari za a kai ni. Mun san da wannan tun ranar aure. A al'adarsu ana sassaƙa sunayen 'ya'ya da jikoki a ƙasan dutsen kabari, a shafa musu jan fenti, alamar mamaci ya bar masu rai a bayansa. Kowace shekara ranar Cengbeng, ranar share kaburbura, ana sabunta fentin. A dutsen Kiem Lan suna biyu ne ƙarƙashin nata: Wiratmo, da 'yarsa Sekar. Da boko aka rubuta su, yadda ta ce a yi tun tana gadon asibiti. Ta tashi a zamanin da gwamnati ta hana rubutun Sinanci ko da a ƙofar shago ne, ba ta koye shi ba, ta ce ba za ta kwanta ƙarƙashin abin da ba ta iya karantawa ba.

Shekarar zaɓe ce, kuma rana ɗaya za a zaɓi shugaban ƙasa da 'yan majalisa. Masu neman shugabancin su biyu ne, a gari da alamar jam'iyya muke kiransu: Mai Kwakwa da Mai Fitila. Mutanen Mai Kwakwa suna yaɗa cewa kakan Mai Fitila ɗan Caina ne, wai in ya hau zai sayar musu da ƙasar har da tekun. Mutanen Mai Fitila ba su ce to in ma haka ne sai me ba. Sai suka baza hoton kakan da hula da carbi, suna rantsuwa jininsu tas yake. Wiratmo kuwa kujerar majalisar gunduma yake nema a ƙarƙashin Mai Kwakwa. A kowace mararraba yana nan da baƙar hula, daidai haɓar Mai Kwakwa, an rubuta masa: Ɗan ƙasa, jinin ƙasa.

Na ce, "Tun yaushe dutsen nan yake baƙi, sai bana ya dame ka?"

"Bana nake da hali, Baba."

"Bana kake da zaɓe."

"Komai aka faɗa sai ka juya shi."

"Tarihi na koyar har na yi ritaya. In mai rai ya tashi gyaran kabari ana dab da jefa ƙuri'a, ba mamacin nake fara duba ba."

Ya yi dariyar da yake yi wa dagatai, mai fitar da haƙora ba sauti. Ya ce siminti kawai za a yi, a wanke dutsen, a gama kafin Cengbeng.

"Sunanka fa?"

"Sunana yana nan, Baba. Ina zai je?"

Tsagewar gaskiya ce, ni da kaina na gan ta. Na ce ya yi. Da ya tafi na kwance ƙunshin, miyar ta huce.

Da safe nakan zauna a rumfar gahawa ta bakin kasuwa tare da Bun Hok, ƙanin Kiem Lan, mai shagon kayan keke. Tun ina neman yayarsa yake kirana Farfesa, ni kuma ina ce masa Attajiri, don shagon nasa bai kai ɗakin girkina ba.

Ya ce, "Farfesa, na ga ɗanka a kan gada. Sun buɗe masa ido. Idon nan ba na gidanmu ba ne, ba na gidanku ba. Aro suka yi?"

"Tambayi mai hoton."

"Kowa a fosta fari ake mai da shi. Shi kaɗai aka shanya a rana."

Kasmuri ya yi dariya har ya ƙware. Tare muka koyar a makaranta ɗaya, shi wasannin motsa jiki, yanzu shi ne jagoran Mai Fitila a unguwarmu. Yana zaune yana lakato abin da ya kwanta a gindin kofin gahawarsa da tsinke, yana yi wa karan sigarinsa zane da shi, yadda mazan garin nan suke kashe safiya. Ya daɗe bai zauna kusa da ni ba. Kwanakin nan kullum sai ya ja kujera.

Ya ce, "Malam Darmaji, bana in za ka hau tudu ka kira ni. Marigayiya ta ciyar da ni ba sau ɗaya ba."

"Ranar da aka kai ta kana ina?"

"Ciwon gwiwa."

"Tudun bai rage tsawo ba."

"Gwiwar ce ta yi sauƙi." Ya busa hayaƙi mai ƙamshin kanumfari. "Ta wane ɓangare take? Wurin ya yi yawa, mutum sai ya ɓata."

Wayarsa sabuwa ce, tana kife a kan tebur, idanunta na ɗaukar hoto suna kallon rufi. Na ce masa na tsufa, ƙafata ce ta san hanyar, ba bakina ba.

Babu wanda bai san wadda ta haifi Wiratmo ba a Lasem. Amma mazaɓarsa ta miƙe har ƙauyukan cikin dajin katako, inda ba su san kowa ba sai wanda waya ta nuna musu. A can, jin cewa uwarsa Basiniya ce surutun abokan hamayya ne. Hoton sunansa da jan fenti a tsakiyar maƙabartar Sinawa kuwa wani abu ne daban. Kasmuri ya san haka. Ɗana ma ya sani.

Da Kasmuri ya tashi, Bun Hok ya matso.

"Jiya ma ya tambaye ni. Na ce masa gabas, gindin tsamiya."

"Ai ba can take ba."

"Na sani. Gidan rina ne a can."

Na gaya masa maganar gyaran. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Siminti kawai?"

"Haka ya ce."

"To."

"Ka yarda?"

"Ni mai shago ne, Farfesa. In mutum ya ce min siminti kawai, sai na leƙa bayan motarsa."

Bayan 'yan kwanaki na hau tudun ni kaɗai. An yi simintin, an yi shi da kyau, an tare ƙasar bayan da duwatsu. A inda dutsen yake kuwa rami ne, an rufe shi da buhu an danne da bulo.

Daga nan ofishin kamfe na wuce, ko wanka ban koma na yi ba. Samari sun cika ƙofa da riguna masu hoton kwakwa. A ciki Wiratmo yana tsaye gaban dagatai da limaman ƙauye, ana raba musu shayi.

Yana cewa, "Mu da kakanninmu suke kwance a cikin wannan ƙasa, mu ne za mu zama baƙi a cikinta?"

Suka gyaɗa kai. Ba ƙarya ya yi ba, kakanninsa suna kwance a cikinta, har ta ɓangare biyu. Babu dai wanda ya tambaye shi a wane tudu. Da ya hango ni ya miƙa wa wani lasifikar, ya ja ni ɗakin baya inda aka tara tutoci.

"Ina dutsen?"

"Tsagewa ya yi da aka ɗaga shi, Baba. Ban so ka ji ba sai an kawo sabo. Na sa a yi baƙi mai sheƙi, wanda ya fi na kowa a layin."

"Tsohon fa?"

"Ya farfashe."

Wannan karon bai duba waya ba. Cikin idona ya kalla bai ƙifta ba. Yana yaro in zai yi ƙarya ƙasa yake kallo, sai uwarsa ta ɗago haɓarsa ya fashe da kuka. Wani ya koya masa sabon salo, kuma ya iya.

"Me za a rubuta a sabon?"

"Abin da ya dace da Mama."

"Ita ta riga ta faɗi abin da ya dace da ita."

"Baba, mutane suna jirana."

Ranar Cengbeng tudun ya cika tun hantsi bai yi ba. Motoci daga Semarang da Surabaya sun toshe hanya, yara suna yawo da lemo da takardu masu launi, hayaƙin turare ya kwanta tsakanin itatuwa. Bun Hok yana gaba da lauje, ina biye da gwangwanin jan fenti da ɗan burushi, kamar kowace shekara. Mun tarar da Wiratmo ya riga mu. Babu baƙar hula, babu motar fosta. Malafa ya sa da baƙin tabarau, kamar mai zuwa karɓar haya.

Dutsen yana da kyau, ba zan hana shi wannan ba. Baƙi ne wuluk, mutum yana ganin fuskarsa a ciki. Daga sama har ƙasa rubutun Sinanci ne da ruwan zinariya, layi-layi a tsaye. Babu harafin boko ko ɗaya. Na tsaya ina neman sunan matata, ban san ta inda zan fara ba.

Wiratmo ya ce, "Irin na da ne, Baba. Na asali. Irin na Kaka. Yanzu ai babu mai hanawa."

Na juya na dubi na surukina a gefe, wanda gansakuka ta cinye. Gaskiya ne, iri ɗaya ne. Na daɗe ina jiran ɗana ya goge Sinawa daga jikinsa. Ban taɓa kawowa a raina cewa a cikinsu zai ɓuya ba. Duk wanda ya ɗauki hoton wannan dutsen ya kai ƙauye, zane kawai zai nuna musu.

Na buɗe gwangwanin, na tsoma burushin.

"Nuna min naka, in shafa."

"Ai ba ya buƙatar fenti. Zinariya ce, ba ta koɗewa."

"Sunan mai rai ja ne. Nuna min."

Ya cire tabarau. Ya bi layukan da ido, ya koma, sannan ya ɗora yatsa a kan wani gajeren layi ta dama.

"Ga shi."

Bun Hok ya ajiye laujen ya sunkuya. Ya daɗe yana kallo.

"Ratmo, ni jahili ne a Sinanci, kamar uwarka. Amma lambobi na sani, don da su Babanmu yake rubuta farashi a gindin kaya. Wannan bakwai ce. Wannan goma da biyu. Ranar da ta rasu ke nan ka ɗora wa yatsa."

Wata mata a kabarin kusa tana yi wa jikokinta faɗa kan su daina taka tudun kakansu. Muka tsaya muna jinta, mu uku, kamar maganarta ce ta kawo mu.

Wiratmo ya janye hannunsa. Ya nuna wasu 'yan haruffa a ƙasa ta hagu, ba tare da ya taɓa su ba.

"Waɗannan ne. An rubuta ''ya'ya da jikoki'. Haka ake yi a manyan garuruwa."

"Suna fa?"

"Babu suna."

"Na Sekar?"

"Babu. Bayan zaɓe sai a ƙara, akwai wuri."

"Dutse ne, Wiratmo, ba fosta ba."

Sai ya yi magana da muryarsa ta gaskiya, wadda na daɗe ban ji ba. Ya ce na san mutanen Mai Fitila suna neman hoton nan tun da aka fara kamfe. Ya ce akwai masu son a karɓe gefen tudun nan a yi rumbunan ajiya, maganar tana gaban majalisa, kuma in babu wani a ciki da zai ce a'a, kaburburan nan za a kwashe su da katafila. Ya juya ga kawunsa.

"Kawu, ka manta shekarar da aka ƙona maka shago? Wa ya tsaya maka? Gara mutum yana ciki da baƙar hula da yana waje yana kuka."

Bun Hok ya ce, "Ban manta ba. Na kuma tuna abin da suke ihu ranar. Shi ne a rubuce a ƙasan hotonka, an dai gyara masa kalmomi."

"Magana ce ta kamfe, Kawu. Babu wanda yake nufinta."

"Waɗanda suka zo da fetur ma haka aka gaya min daga baya." Ya ɗauki laujensa. "Mu gwamnati ce ta tara mu ta ce mu canza suna, muka canza a takarda, don akwai soja a ƙofa. Kai wa ya tsaya maka a ƙofa?"

Wiratmo ya juya mana baya. Ya zuba furannin da ya kawo a kan kabarin, ya tsaya kaɗan da kai a sunkuye, ya mai da tabarau. Ta hanyar baya ya sauka, wadda masu yankan ciyawa suke bi. Ni kuma na goge burushin a ganye na rufe gwangwanin. Babu abin shafawa.

Muna saukowa Bun Hok ya ce, "Ni na zaɓi tsohon dutsen nan. Kaurinsa ya kai tafin hannu. Irinsa ba ya farfashewa don an ɗaga shi."

Mai sassaƙa dutse ɗaya ne a yankinmu, a hanyar Rembang. Washegari muka je. A bayan rumfarsa, cikin duwatsun da aka jingine fuska ga bango, muka same shi lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Mutumin ya ce an ce ya fasa shi, amma ya ga asara ce, yana shirin goge fuskar ya sayar wa wani mamacin. Na ce wannan yana da mai shi. Bai yi gardama ba, ya ma fi son a ɗauke masa.

Muka ɗora shi a amalanke muka lulluɓe da tabarma. Bun Hok ya ce ko kusa da ƙofarsa kada a kai, dutsen kabari ba ya shiga gidan masu rai.

Na ce, "Gidana ba masu rai da yawa."

Aka jingine shi a ɗakin littattafaina, tsakanin kanta da taga. Jan bara ya koɗe, amma ana karantawa daga bakin ƙofa. Kiem Lan. Wiratmo. Sekar.

Mai amalanke yana da baki, kamar kowa. Kafin rana ta faɗi Kasmuri yana ƙofata yana sallama, kuncinsa ɗaya a kumbure.

"Me ya sami fuskarka?"

"Haƙori." Ya zauna ba a ce ya zauna ba. "Malam Darmaji, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Na ji abin da yaron nan ya yi. Wallahi raina ya ɓaci. Uwa fa. Uwar da ta haife shi."

"Ka damu da ita sosai bana."

"Ka bar zolaya. Mu ne masu cewa kowa ɗan ƙasa ne, irinmu da Basine. Su ne masu raba mutane. Hoto ɗaya kawai, kai a tsaye gefen dutsen. Ba ƙarya za mu yi ba. Ba ka so duniya ta san ita ta haife shi?"

Ina so. A lokacin babu abin da nake so kamar haka. Na hango hoton yana shiga kowace waya a ƙauyukan nan, na hango Wiratmo yana ganinsa a gaban dagatai, yana neman inda zai sa idonsa. Ɗakin yana bayana, labule ne kawai tsakani. Har na dafa kujera zan tashi.

Na ce, "Me za ku rubuta a ƙasan hoton?"

"Abu kaɗan. Samarinmu ne suke tsarawa."

"Sun riga sun tsara. Nuna min."

Ya buɗe wayar, don yana ganin na riga na faɗo. Fostar Wiratmo ce, an bar fili a gefe don dutsen. An matse masa idanu sun koma kamar tsaga. A ƙasa da manyan haruffa: Ɗan Caina a rigar ɗan ƙasa. Ku farka.

Na miƙa masa wayarsa.

"Wannan ne kowa ɗan ƙasa?"

"Mutanen ƙauye ne, Malam. Da yarensu ake musu magana. Su suka fara."

"Shi yana so ta ɓace. Ku kuna so ta zama zagi. Ban ga wanda zan ba ta a cikinku ba."

"To kare shi za ka yi? Bayan abin da ya yi mata?"

"Ka gaida gida, Kasmuri. Ka sa wa haƙorin nan albasa, tana cire dafin rina."

Ya tafi yana cewa na tsufa da taurin kai. Na kulle ƙofa, abin da ban saba yi da rana ba, na saki labulen tagar ɗakin littattafai. Ina sakinsa na ga abin da nake yi. Ɗana ya ce a fasa dutsen don kada a gani, ni kuma na kawo shi gida ina ja masa labule.

Da magariba wayata ta yi ƙara.

"Baba, an ce dutsen yana wurinka."

"Yana nan."

"Wa ya gani?"

Na jira ko zai ƙara wata tambayar. Bai ƙara ba.

Na ce, "Ni."

Na ji ya sauke numfashi. Ya fara godiya, na katse shi. Na ce babu wanda zai ɗauki hotonsa, wannan na yi alkawari, ba don shi ba. Amma bayan zaɓe, ko ya ci ko ya faɗi, shi da kansa zai zo ya ɗauki dutsen nan, ya hau da shi tudu da rana tsaka ta babbar hanya, ya mai da shi inda uwarsa ta ce a sa. Baƙin kuma ya kai inda ya ga dama.

"Na ji, Baba. In sha Allahu."

"Da kanka."

"Na ce na ji."

Aka yi zaɓe. Na je na dangwala yatsana a tawada kamar kowa, wanda na zaɓa kuwa tsakanina da akwatin ne. Mai Fitila ya ci ƙasa, Mai Kwakwa ya ci gundumarmu, kowane ɓangare ya ce an yi masa maguɗi. Wiratmo ya sami kujerarsa, ƙauyukan dajin katako ne suka ba shi. Aka sauke fostoci, masu rumfuna suka yi rufi da su, har yanzu in ana ruwa a ƙarƙashin fuskarsa nake shan gahawa. Kasmuri ya koma zama a wancan tebur.

Bayan an rantsar da su, wata safiya motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofata. Direban Wiratmo ya fito da ƙarti biyu da igiya. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce mai girma ɗan majalisa yana zaman kwamiti, ya ce a ɗauki saƙon a kai tudu, an ma kawo tamfol da za a rufe shi kada ƙura ta ɓata shi a hanya.

Na ce, "Wane saƙo?"

"Dutsen, Baba."

"Ba da kai muka yi magana ba."

Ya kira ubangidansa, ya miƙo min wayar. Ban karɓa ba. Suka ɗan tsaya a rana, ƙartin suna kallon juna, sannan suka naɗe igiyarsu suka tafi.

Dutsen yana nan tsakanin kanta da taga. Na ɗaga labulen. Bun Hok ya daina shigowa gidan, daga ƙofa yake kirana mu tafi rumfa, kuma kullum sai ya tambaya.

"Ya zo?"

"Yana kwamiti."